Sista Dakata da Leɓen 'Yata

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa asibiti, jaka a hammata, tana ɗan jan ƙafar hagu saboda ciwon gwiwa. Ba ta gaisawa da kowa sai ta wanke hannu. Daga nan sai ta buɗe kabad ɗin ƙaramin ɗakin tiyata, inda ake ɗinke yanka da tsagewa, ta bi fakitocin allura ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, bakinta na motsi kamar malama mai kiran sunan 'yan aji. Na ɗinkin fata a sama, na cikin jiki a tsakiya, waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa a gaba. Idan wani ya taɓa mata jeri bayan ta tashi jiya, kafin ta ajiye jaka ta gane, kuma ta san ko wane ne. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Sunanta na takarda yana nan a ƙirjin rigarta, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi ba. Daga masu gadi har manyan likitoci, Sista Dakata suke ce mata, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ita ba likita ba ce, ba ita ke ɗinki ba. Ita ce mai tsayawa gefen tire tana miƙa kayan aiki, irin mutanen da mara lafiya zai warke ya gode wa kowa ya manta da su. Ni ma da na manta, in ba don leɓen 'yata ba. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa, ranar da muka fara haɗuwa saura ƙiris in kai ƙararta.

'Yata shekararta biyar. Mage muke ce mata, don babu abin da ba ta hawa. Ni tela ce, shagona a ƙofar gida yake. Wata Talata da hantsi ina kan ɗinki, ta hau teburin yankan yadi za ta leƙa abin da na ɓoye a saman kantar kaya. Ƙafa ta zame, bakinta ya daki gefen keken ɗinki. Leɓen sama ya tsage tun daga ciki, har ya haura layin nan da ya raba jan leɓe da fatar fuska. Na danne da ƙyalle mai tsabta, na saɓa ta a kafaɗa na fita, takalmi ɗaya nawa ɗaya na maƙwabciya, tef ɗin awo a wuyana.

Abu ɗaya ne a raina har muka isa. Ba mutuwa za ta yi ba, wannan na sani. Amma fuska ce, kuma ni na san abin da karkataccen ɗinki ke yi wa wuyan riga. Riga ana farkewa a sake. Idan layin leɓen nan bai haɗu daidai ba, haka za ta ɗauke shi zuwa makaranta, haka za ta ɗauke shi zuwa ko'ina, kowa ya fara kallon bakinta kafin ya ji abin da take cewa.

Likitan da muka tarar sabon zuwa ne, mai fara'a, ga layin mutane a ƙofarsa har kwana. Ya duba ya ce, "Kwantar da hankalinki, Maman yarinya, ɗinki biyar ne ko shida, yanzu za ku tafi gida." Ya sa safar hannu, ya juya wajen wata dattijuwar nas da ban ma lura da ita ba.

"Sista, farke min sifili uku."

Ta ɗauki fakitin allurar ta juya shi. Ta dubi bakin Mage. Ta dubi silin.

"Dakata, Likita."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Tambaya ce kawai. Gwiwa za mu ɗinka ko tsakiyar kai?"

"Leɓe ne mana, Sista, ga shi kina gani."

"To, shi ne na ji ka kira ta gwiwa. Na ɗauka tsufa ne ya taɓa min kunne."

Likita ya yi 'yar dariya. "Ita ce mafi ƙanƙanta a tiren. Sifili shida ta ƙare."

"Tun jiya ta ƙare. Na rubuta wa sito, sito yana nan yana tunani. Akwai a ɗakin tiyatar ido. Ba ni minti goma sha biyar."

A nan na tsoma baki. A wurinmu teloli, lamba na hawa, allura na kauri. Lamba tara ta siliki ce, sha takwas ta wandon jins. Da na ji likita ya ce uku, tsohuwa ta nace sai shida, sai na yanke hukunci a raina cewa basillar ɗinkin buhu za ta je ɗaukowa.

"Mama, don girman Allah ki bar likita ya yi aikinsa," na ce. "Jini fa take zubarwa!"

"Jinin ya tsaya, 'yata. Ci gaba da dannewa, kin iya."

"Ni fa allura ce sana'ata. Shida ta fi uku kauri, wannan ba sai an je makarantar likita ba."

Ta kalli tef ɗin da ke wuyana, ta kalli takalmana. "Ai na ga alama. Bari in dawo sai ki koya mana." Ta fice tana jan ƙafa.

Na juya ga likita ina jiran ya nuna shi ne likita. Sai ya cire safar hannunsa, ya ce zai ga mutum biyu a layi kafin ta dawo. Aka bar ni da Mage a cinya tana shessheƙa, da wani dattijo mai tura gadon marasa lafiya, wanda ake kira Baba Direba, yana zaune bakin ƙofa.

"Baba, ɗakin idon nan a ina yake?"

"Hawa na uku. Lif, injin hawa benen, kuma ya lalace."

"Da wannan ƙafar? Ai sai azahar!"

"Za ta dawo, 'yar nan. Ke dai gode wa Allah da kika same ta a bakin aiki." Ya gyara zama, na ga alamar labari zai ba ni ko ina so ko ba na so. "Shekarun baya, lokacin tana babban ɗakin tiyata, an gama wa wani mutum aikin ciki za a rufe. Ta ƙirga allura, sha ɗaya, alhali sha biyu ta buɗe. Babban likita ne ke aikin, irin wanda in ya yi tari kowa ke miƙewa. Ya ce kuskuren ƙirga ne, a rufe, ana jiransa a taro. Ta ce kada wanda ya motsa daga inda yake. Aka zazzage kwandon auduga, babu. Aka ja maganaɗisu a ƙasa lungu-lungu, babu. Har an aika a kira mai ɗaukar hoton ciki, sai ta ce kowa ya ɗaga ƙafa. Ina leƙe ta gilashin ƙofa da gadona. Da idona na ga babban likita tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, hannuwa a sama don kada ya taɓa komai, Sista na durƙushe tana duba tafin takalminsa kamar mai facin taya. Ashe allurar na nan, ta nutse cikin robar takalmin."

"Me ya ce?"

"Ya ce na gode, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Ita kuwa ta ce masa ya ɗaga ɗayar ma, tunda ya riga ya saba."

Ban yi dariya ba. Na ce masa ni ba hira na zo ji ba, ya nuna min ofishin kai ƙara. Ya nuna min da baki, ƙofa ta biyu a dama. Ya ce sai dai in sani, matar da ke karɓar ƙarar, Sista ce ta koya mata aiki.

Minti goma sha takwas ta yi, ina kallon agogon bango. Ta shigo tana haki, gumi har wuya, fakiti biyu a hannu. Ta wanke hannu, likita ya dawo ya sake sa safa, ta farke na farko a kan tire. Na leƙa. Wata 'yar allura ce da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ban san lokacin da na miƙe da yarinya a hannu na juya musu baya ba.

"Ta lanƙwashe! Wallahi ba a taɓa min 'ya da wannan! Hawa uku kika yi kika ɗauko lalatacciya? A shagona in allura ta yi haka, shara take tafiya!"

Likita ya juya ya fuskanci bango, yana danne dariya. Baba Direba ya fita waje yin tari. Sista kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Zo nan, tela. Ke a yadi kina da sama kina da ƙasa. Ki soka ta nan, ki karɓa ta can. To, mu ta ina za mu karɓa a leɓen yarinya? Dole allura ta shiga, ta juyo, ta fito da kanta. Haka aka ƙera ta."

Na matso, amma ban saki Mage ba.

"Wannan ta waje ce," ta ce, ta ɗaga ta da hantsaki zuwa hasken fitila. "Bakinta kusurwa uku ne, yanka hanya take, don fata tauri gare ta ko ta jariri ce. Kaifin kuma a bayan lanƙwasar yake, don in an ja zare kada ya keto bakin ciwon. Waccan ta fakiti na biyu ta cikin leɓe ce. Mulmulalliya ce, ba ta yanka, ratsawa take, saboda naman ciki laushi gare shi. Zarenta da kansa yake narkewa."

"Lambar fa?"

"Mu sifili muke ƙirgawa. Sifili na yawa, zare na sirancewa. Duba."

Sai da na ƙanƙance ido na ga zaren. Siririn gashi ne kawai manne da gindin allurar, babu ma ramin zura shi. Nan wani sabon tsoron ya taso min.

"Wannan ne zai riƙe Mage? Mama, ba ki san ta ba. Yarinyar da ke cinye gwiwar wando a sati biyu! A ninka shi biyu, ko a dawo da na farkon."

"Ashe yanzu kuma mai kauri kike so. To, faɗa min, kina ɗinka siliki da allurar jins?"

"Allah ya kiyaye. Ai sai ya bar huji."

"Madalla. Waccan ta farkon, duk hujin da ta yi, tabo ne mai zaman kansa. Ɗigo a nan, ɗigo a can, layi a tsakiya, kamar titin jirgin ƙasa. A tsakiyar kai gashi zai rufe. A nan me zai rufe?"

Na kwantar da Mage a kan gado.

Likita ya ɗauko allurar kashe zafi. Bai kai ga bakin yarinyar ba aka sake ce masa ya dakata. Sista ta miƙa masa wani siririn alƙalami. Ya karɓa, ya ce, "Gaskiyarki, Sista." Ya yi min bayani da kansa cewa in ruwan allurar ya kumbura wurin, layin leɓen dusashewa yake, sai mutum ya haɗa da ka. Ya sa ɗigo ɗaya a wannan gefen tsagar, ɗaya a wancan, daidai kan layin. A nan zuciyata ta sauka. Duk wanda ke sa alli kafin ya taɓa yadi, ni a wurina mutumin kirki ne.

Aka naɗe Mage a zanen gado kamar sabuwar tabarma, Baba Direba ya riƙe ƙafafu, ni aka ba ni kai.

"Sai na faɗa wa Babana!" in ji Mage.

"Ki faɗa masa, uwata," in ji Sista. "Har da ni ki haɗa, ki ce tsohuwa mai jan ƙafa. Amma yanzu bakin namu ne, aro muka karɓa. Ga yatsana, in kin ji haushi ki matse."

Ɗinkin farko shi ne na kan ɗigon nan biyu. Na ga 'yar allurar ta shiga ta juyo ta fito, kamar yadda aka faɗa min. Likita ya kamo zaren, bai ɗaure ba, ya ɗago ido ya dubi Sista. Ta sunkuya har tabaranta ya kusa taɓa hancin yarinyar.

"Ɗan sassauta. Yawwa. Ɗaure."

Layin ya haɗu, jan leɓe da jan leɓe, fata da fata, kamar aljihun riga mai ratsi da aka dace da ratsinsa. Wannan na gani da idona. Sauran ban gani sosai ba, don daga nan silin ya fara juyawa. Ina jin muryar Sista daga nesa, ba ta ko waiwayo ba, tana cewa, "Baba Direba, kujera wa tela. Ta gama duba mana aiki." Ni da na zo kare 'yata, ni aka yi wa fifita da katin asibiti.

Bayan kwana biyar muka koma cire zaren waje. Ranar ce likitan ya ba ni nasa labarin. Ya ce satinsa na farko ta kira shi gefe, inda babu mai gani, ta ba shi safar hannu ta roba guda biyu da allura iri biyu, ta ce ya soka zare a kowace, sannan ya cika su da ruwa a famfo. Wadda ya soka da allura mai yanka ta yi ta tsiyaya har ta jiƙa masa wando. Ta ce masa, "To, hanjin mutum ke nan, Likita, sai dai shi ba ruwan famfo ne a ciki ba." Ya ce ya karanta wannan a littafi, ya ci jarrabawa a kansa, amma sai da ya yini da jiƙaƙƙen wando sannan darasin ya zauna masa. Ya ce likitocin da suka bi ta hannunta sun fi arba'in, wasu yanzu manya ne a wasu wurare, kuma bai san wanda ta taɓa kunyatawa a gaban mara lafiya ba. Tambaya kawai take yi, mutum ya ji amsar da kunnensa.

Sista, ranar na ba ki haƙuri kika ce, "Uwar da ba ta yi min faɗa ba ita nake tsoro." Ban gamsu ba, shi ya sa nake maimaitawa a gaban jama'a. Ke ce kika hau bene hawa uku da gwiwa mai ciwo saboda yarinyar da ba ki sani ba, uwarta na zaginki a zuci. Da kin farke fakitin da aka ce ki farke, babu mai tuhumarki. Likita ne ya kira, ke miƙawa ce aikinki, layi na jira, ni kaina da na yi miki godiya na tafi. Sai bayan wata shida in zauna ina kallon bakin 'yata ina cewa haka Allah ya so. Ke kaɗai a ɗakin nan kika san bambancin, kuma ba ki yarda kin yi kamar ba ki sani ba. Mai idon ƙirga, uwar tire, wadda manya ke ɗaga wa ƙafa. Na gaishe ki.

Wata takwas ke nan yanzu. Wurin ya yi ja na ɗan lokaci, kamar yadda aka gaya min, sannan ya washe. Satin da ya wuce surukata, kakar Mage, ta zo mana kwana biyu. A waya ta ji labarin, kuma tun lokacin take jiran ranar da za ta ga irin sakacin da na yi da jikarta. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa tabarau, ta ja yarinyar gaban taga, ta kama haɓarta tana juyawa.

"Wayyo, ga shi nan," ta ce. "Allah sarki, 'yar jikalle. Dubi yadda aka ɓata miki baki."

Gefen dama take shafawa. A hagu aka yi ɗinkin.

"Kaka, wannan cakulan ne," in ji Mage, ta lashe.

Na so in haɗa wannan rubutu da hoto don masu karatu su ga hujja. Na ɗauka sau bakwai, a rana da a inuwa, babu abin nunawa, bakin yarinya ne kawai. Ina jin shi ya sa ba a san irin su Sista ba. Wanda ya ɓata aiki, tabonsa na yawo a gari ana tambayar wa ya yi. Ita shekara talatin da huɗu tana bin bayan aikinta tana share sawu.

Don haka nake roƙon matasan nas da za su gaji kabad ɗin nan, ku san abin da ke cikinsa kamar yadda ta sani, kuma kada nauyin bakin likita ya hana ku tambaya. Likitoci, in mai miƙa muku kaya ta riƙe fakiti ba ta farke ba, ku dubi ciwon sau ɗaya kuma. Masu sito, ku rage tunani. Mu kuma iyaye, mu yi faɗan, ba na hana kowa, 'ya'yanmu ne. Amma in an gama, mu waiwaya mu ga wa ke tsaye gefen tire, mu tambayi sunanta.

Na gode, Sista. Mage ta gode, babanta ya gode, ya ce ƙarar da aka kai masa ya kore ta. Allah ya ba gwiwar nan hutu, ya sa ki ci moriyar zaman gida cikin lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba.

Surukata dai har ta tafi tana nan a kan bakanta, gefen dama ne, ita da idonta ta gani. Na bar ta a haka.